A Auna Mu a Tsaye, a Daina Duban Launinmu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutanenmu mazauna Abijan, daga rumfunan albasa na Adjamé har zuwa majalisun dattawa na Treichville, kuma tun da WhatsApp ya shigo sai ta yi fiffike. Wai likitocin Amurka sun gano cewa jinin baƙar fata daban yake da na Bature. Wai idan baƙin mutum ya miƙe tsaye jininsa hawa yake yi, shi kuwa Bature nasa sauka yake yi, zuciyarsa ta ƙara gudu. Daga nan sai mai maganar ya gyara murya ya yanke hukunci. Wani ya ce to ashe hawan jini gadonmu ne, ba yadda za mu yi da shi, a ci abin da aka samu a jira lokaci. Wani kuma ya ce tunda jikinmu daban ne, maganin Turawa ba namu ba ne, sai ya zaro kwalbar tsimi ya faɗi kuɗinta.

Ni ba likita ba ne. Aikina magana a gidan rediyo, kuma abin da aka koya mana a makarantar aikin jarida shi ne, duk wanda ya ce maka "bincike ya nuna", ka tare shi da tambaya huɗu: wa ya yi binciken, a ina, mutum nawa ya auna, kuma su wane ne? Na bi wannan magana da waɗannan tambayoyi, ga kuma abin da na tsaya a kai: akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, amma an naɗe ta da ƙarya mai kisa. Mutanenmu suna faɗuwa a masallaci da kasuwa, ɓarin jiki yana shanyewa, ƙoda tana lalacewa, mu kuma muna zaune muna ɗora wa launin fata laifin da gishiri da talauci da rashin awo suka aikata.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikin kowane ɗan Adam, fari ko baƙi, idan ya tashi tsaye. Da zarar ka miƙe, nauyi yana jan jini zuwa ƙasa, kimanin rabin lita zuwa lita guda ya taru a ƙafafu da ciki. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu ke nan. A gefen wuya da kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya akwai wasu 'yan masu gadi da ke jin matsin jini. Su ne ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoto nan take, ita kuma ta ba da umarni biyu: zuciya ta ƙara sauri da kamar bugu 10 zuwa 20 a minti, jijiyoyin jini kuma su tsuke. Cikin 'yan daƙiƙoƙi komai ya daidaita, ba ka ma san an yi ba. Idan wannan aiki ya yi jinkiri, shi ne za ka ji jiri, idonka ya yi duhu, kunnenka ya yi shuu. Likitoci sun yi ittifaƙi tun 1996 cewa idan lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20, ko lambar ƙasa ta faɗi da 10, cikin minti 3 da miƙewa, to abin ya zama larura. Akwai kuma kishiyarta, wato mutum ya miƙe lambar sama ta haura da 20 ko fiye.

Umarnin nan biyu, na zuciya da na jijiyoyi, su ne asalin zancen. An sha samun rahoto daga ɗakunan gwaji a Amurka cewa, idan aka ɗauki matsakaicin lissafi, baƙaƙen Amurka sun fi dogara da tsukewar jijiyoyi, fararensu kuma sun fi dogara da saurin zuciya. A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Yale sun ba da rahoton cewa 'yan mata baƙaƙe da suka gwada sun fi takwarorinsu farare jure janyewar jini zuwa ƙafafu kafin su kai ga suma. Wani bincike na 1991 a kan tsofaffi a jihar Karolina ta Arewa ya samu cewa faɗuwar jini a tsaye ta fi yawa a cikin farare. Wasu kuma da suka auna wasu mutanen sun samu akasin haka. Ka ga tun daga nan ma bakin masu binciken bai zo ɗaya ba. Sannan irin gwajin da ake yi a ɗakin bincike galibi mutum 20 ko 30 ake tarawa, waɗanda gbaka biyu za su kwashe su daga Adjamé zuwa Abobo har a samu sauran kujeru. Da wannan ne za a yanke wa mutum sama da biliyan guda hukunci?

Za a ce mini ai akwai manyan bincike. Gaskiya ne, akwai. Mafi shahara shi ne wanda ake kira ARIC, da aka fara a 1987 da mutum kusan 16,000 masu shekara 45 zuwa 64. An auna su a kwance, an auna su a tsaye, aka kuma bi rayuwarsu shekara da shekaru. Darasin da ya fito daga ciki mai daraja ne: kimanin kashi 5 cikin 100 jininsu na faɗuwa idan sun miƙe, kuma waɗannan haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansu ya kai kusan ninki biyu na sauran. Amma dubi inda aka ɗebo mutanen. Wurare huɗu ne. A birnin Jackson na jihar Misisipi baƙaƙe zalla aka ɗauka. A unguwannin gefen Minneapolis da wata gunduma a jihar Maryland kusan duk farare ne. Wuri ɗaya kawai, a Karolina ta Arewa, aka haɗa su. Misisipi kuwa tana cikin jihohin da suka fi talauci a Amurka. To idan ka kwatanta baƙin Jackson da farin Minneapolis ka ga bambanci, me ka auna? Fata ka auna, ko abinci, ko aljihu, ko zafin gari, ko nisan asibiti? Kamar ka auna ɗan dako a kasuwar Adjamé da azahar, ka auna ma'aikacin banki a Plateau yana shan iskar na'ura, sannan ka ce bambancin ƙabila ka gano.

Wanda ya fi kowa warware wannan ƙulli shi ne Richard Cooper na Jami'ar Loyola da ke Chicago, tare da abokan aikinsa na Afirka da tsibiran Karebiyan. Sun auna mutum kimanin 10,000, dukansu tsatson Afirka ta Yamma, da ma'auni iri ɗaya, suka fitar da sakamako a 1997. A Najeriya da Kamaru, masu hawan jini kashi 16 ne cikin 100. A Karebiyan, wato Jamaika da Barbados da Sent Lusiya, kashi 26. A Maywood, gefen Chicago, kashi 33. Asali ɗaya, launi ɗaya, amma ciwon ya ninka tsakanin wannan gaɓar teku da waccan. Abin da ya bi sahun hawan lambar shi ne ƙiba da yawan gishirin da ake ci. A 2005 kuma Cooper ya jera ƙasashen farare da na baƙaƙe a layi ɗaya. A cikin baƙaƙe adadin ya kama daga kashi 14 zuwa 44, a cikin farare daga 27 zuwa 55. Waɗanda suka zo na ɗaya Jamusawa ne. To ina masu cewa jinin baƙar fata? Ko Jamusawan ma daga Gobir kakanninsu suka fito?

Ba sai mun ƙetare teku ba ma. A Kenya an bi 'yan ƙabilar Luwo da suka bar ƙauye suka koma Nairobi, aka buga sakamakon a 1990: cikin 'yan watannin farko da sauka birni jininsu ya fara hawa fiye da na 'yan'uwansu da suka bari a gida. Maƙwabtanmu na Gana ma an yi musu irin wannan awo a binciken RODAM, inda aka kwatanta mazauna ƙauyen Gana da na biranenta da waɗanda ke Amsterdam da Berlin da Landan. Hawan jini a cikin mazan da ke Berlin ya ninka na mazan ƙauye har da ɗoriya. Jinin da mutum ya gada ba ya canzawa a jirgin sama. Tukunyarsa ce ta canza, da barcinsa, da aikinsa, da damuwar da yake kwana da ita.

Abin dariya kuma abin takaici, a 1929 wani likitan Ingila mai suna Donnison ya rubuta a mujallar Lancet cewa ya auna 'yan Afirka a Kenya ya ga hawan jini ba ciwonsu ba ne. A wancan zamani sai Turawa suka ce ai ciwon wayayyu ne, baƙin mutum bai kai nan ba. Yau kuma da ciwon ya cika asibitocinmu sai aka juya aka ce halittarmu ce. Jiya launinmu ne ya kare mu, yau launinmu ne ya kama mu. Bayanin da ke iya fassara abu da kishiyarsa duk a lokaci ɗaya, ai bai fassara komai ba.

Akwai wata tatsuniya da ake ƙawata zancen da ita, ita ma ta iso wayoyinmu. A 1991 wasu Amurkawa biyu, Thomas Wilson da Clarence Grim, suka kawo hasashen cewa bayin da suka tsira a jiragen ruwa su ne waɗanda jikinsu ya iya riƙe gishiri, don haka jikokinsu suka gaji hawan jini. An kuma haɗa da cewa wai dama gishiri ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Masanin tarihin cinikin bayi, Philip Curtin, ya yi wa hasashen kaca-kaca a 1992, ya nuna tarihi bai goyi bayansa ba. Mu Hausawa ma ba sai Curtin ya gaya mana ba. Ayarin raƙuma nawa suka sauke gishirin Bilma da Fachi a Agadas da Damagaram da Kano? Gishirin Foga fa, da manda, da kanwa? Kakanninmu fataken gishiri ne da goro. Kuma ko da a ce hasashen gaskiya ne, ina ruwansa da Bahaushen Treichville wanda kakansa da ƙafa ya zo ta hanyar Gwanja, ko a mota daga Maraɗi? Babu jirgin bayin da ya tace jininsa.

Sannan wai shin wane ne "baƙi"? A takardar asibitin Amurka akwati ɗaya ne ake cusa kowa. A Adjamé kuwa, cikin gbaka ɗaya za ka samu Baule da Bete da Senufo da Jula da Mosi da Bazabarme da Bafulatani da Buzu da Bahaushe. Masana ƙwayoyin gado sun tabbatar cewa babu nahiyar da mutanenta suka bambanta da juna kamar Afirka, har ta kai mutum biyu daga sassan Afirka daban-daban za su iya fin Bature da ɗan Sin nisa da juna a wannan fanni. Baƙin Amurka kuma a matsakaici yana ɗauke da wani kaso na jinin Turawa. Saboda haka idan an auna shi a Jackson, ba a auna tsohuwa mai sayar da fura a Treichville ba.

Kada a ce na ƙi gaskiya. Gado yana da tasiri, kuma duk wanda iyayensa suka yi hawan jini ya kamata ya fi kowa kula. Akwai kuma abubuwan gado takamaimai da suka yawaita a yankinmu. Sikila ɗaya ce. Wani kuma shi ne sauyin da aka gano a 2010 a ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma yake ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma. Haka nan likitoci sun daɗe da lura cewa wasu magungunan hawan jini, idan aka ba da su su kaɗai, ba su cika yin ƙarfi a jikin yawancin baƙaƙe ba kamar wasu. Duk wannan haka yake. Amma lura da kyau: sikila da gwajin jini ake gane ta, ba da kallon fuska ba. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wani yana da ita wani ba shi da ita. Matsakaicin lissafi kuma labarin taro yake bayarwa, ba ya gaya maka abin da ke cikin jijiyar mutum ɗaya da ke zaune gabanka.

Kuma dubi yadda masu hankali suka yi da wannan lura. Ba su ce a watsar da magani a koma tsimi ba. Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwajin da aka kira CREOLE a ƙasashe 6 na Afirka, Najeriya da Kamaru da Kenya da Uganda da Mozambik da Afirka ta Kudu, da marasa lafiya 728, har da likitan zuciya na Kano, Mahmoud Sani, cikin masu aikin. A 2019 suka fitar da amsa: haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini. Wannan shi ne aiki. An tambayi jikin 'yan Afirka a ƙasar Afirka, ya ba da amsa, amsar kuma magani ce mai araha da ake samu a kantin magani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin lura dai, Kodebuwa ba ta cikin ƙasashen shida, Nijar ma haka.

Yanzu mu dawo gida. A Treichville, cikin harabar babban asibitin koyarwa, akwai Cibiyar Ciwon Zuciya ta Abijan, wadda ke aiki tun 1976, kuma tana cikin tsofaffin irinta a Afirka ta Yamma. Ƙidayar lafiya da aka yi a yankin Abijan a 2005 ta samu masu hawan jini kusan kashi 22 cikin 100 na manya. Wata da aka yi a faɗin ƙasa a 2017 ta samu kusan kashi 40. Hanyoyin ƙidayar biyu ba ɗaya ba ne, don haka ba za a jera su kai tsaye ba, amma ko makaho ya shafa ya san inda aka dosa. Cikin shekara 12 launin mutanen Kodebuwa bai ƙara duhu ba. Me ya canza?

Mu duba kwanonmu. Garba, abincin da Abijan ke taƙama da shi, sunan mutanenmu yake ɗauke da shi, domin 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi: aceke, soyayyen kifin tuna mai gishiri, man da aka soya aka sake soyawa, sannan a murmushe dunƙule a kai. Dunƙulen nan kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wanda ya karya da garba, ya ci shinkafa da miyar dunƙule uku da rana, ya rufe da tsire da yaji da dare, shi ya san cokali nawa ya sha. A ƙauye dawa da gero da kuka da daddawa muke ci, mu yini a gona. A nan mai shago yana zaune daga safe har isha'i, yana kora shayi mai sukari da goro da lemon kwalba. Wanda ba ya zaune kuma yana tsaye: mai tura baro, mai gasa nama a gaban wuta, mai gadi da ke kwana ido biyu. Ƙara da cunkoson mahadar Indénié, inda mutum zai shafe sa'a yana shaƙar hayaƙi, idan damina ta sauka kuma ruwa ya sha hanyar. Ƙara da kuɗin haya, da saƙon gida da ba ya yankewa, da fargabar takarda, da tunanin abin da baƙi suka gani a rikicin 2002 da na 2010 zuwa 2011. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wannan ba a rubuce yake a fatar kowa ba.

Illar wannan zance ta fi fitowa a wurin jiri. Masu kiran waya a shirinmu sukan ce, "Malam, idan na ɗago daga sujada sai in ga duhu, tansiyona ne ya hau." Nan haɗarin yake. Sau da yawa jirin tashi tsaye alamar saukar jini ce, kuma dalilansa sanannu ne: ƙarancin ruwa a jiki saboda zafi ko azumi ko gudawa, ƙarancin jini bayan zazzaɓin cizon sauro, juna biyu, tsufa, ciwon sukari da ya taɓa jijiyoyi, ko maganin da ke sa yawan fitsari. Dattijon da aka cusa wa cewa shi baƙi ne, jininsa hawa kawai ya sani, idan ya ji jiri sai ya ƙara ƙwaya a kan wadda likita ya rubuta. Jinin ya ƙara faɗuwa, ya yanke jiki a banɗaki, ƙugu ya karye. Wani kuma ya ce maganin Bature ne bai karɓe shi ba, ya watsar gaba ɗaya, alhali hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ma yana lalata masu gadin nan na wuya, ya ƙara jirin. Bayan wata uku sai a ji an kwantar da shi, baki ya karkace. Hawan jini kansa galibi ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba, kuma a rahotonta na 2023 ta ce mutum 4 cikin 5 ba sa samun kulawar da ta isa.

Wa ke cin ribar wannan ruɗani? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga masu maganin ƙasa na kasuwar Roxy a Adjamé, inda hukuma ta sha kai samame tana kwashe jabun magunguna, ƙwayoyi suna gasuwa a rana, mai sayarwa ba ta san sunan ciwon ba balle awonsa. Ga masu lasifika da ke cewa kwalba ɗaya tana wanke hawan jini da sukari da basir da sanyin mara. Ga kuma mu 'yan rediyo, dole in faɗa, domin akwai tashoshin da ke sayar wa irin waɗannan mutane lokaci, su zauna rabin sa'a suna ce wa jama'a "maganinmu na baƙar fata ne". Ban raina ilimin itatuwa na iyayenmu ba. Amma duk maganin da ya ƙi a gwada shi da na'urar awo kafin a sha da bayan an sha, mai shi ya san abin da yake ɓoyewa. Tashar da ta karɓi kuɗinsa kuma ta yi tarayya da shi a duk gawar da ya jawo.

Likitocinmu da ma'aikatan jinya su ma ina da magana da su. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2018, wadda da yawansu suka karanta, ta ce a ganin farko a auna mutum a zaune, sannan a sake auna shi bayan minti 1 da minti 3 da miƙewa, a kuma riƙa maimaitawa ga tsofaffi da masu ciwon sukari. Mai karatu, tambayi kanka: sau nawa aka taɓa auna ka a tsaye? Na san layi yana da tsawo, ma'aikata kaɗan ne. Amma minti 3 ne fa. Ya fi sauƙi a kan gadon da mai karyayyen ƙugu zai riƙe wata guda. Kuma wanda ya dubi tsoho Bahaushe da bai iya Faransanci ba, ya ce a ransa "irinsu dama haka jininsu yake", ya rubuta takarda ya sallame shi ba tare da ya nemi mai fassara ba, to ya yi aiki da zato a inda awo yake hannunsa.

Masu bincike na jami'o'in Abijan da Yamai da Kano da Zariya kuma, har yaushe za mu riƙa aron lambobin Misisipi? Awon jini a kwance da tsaye ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. Gado ɗaya, agogo, na'urar awo da littafi. Hausawan Maraɗi da Tawa da Katsina suna nan a ƙauyukansu, 'yan'uwansu na ciki ɗaya suna Adjamé da Treichville. Abin da aka yi wa Luwo da mutanen Gana ana iya yi mana: a auna wa a gida, a auna ƙane a Abijan, a ga abin da birni ya yi wa jini. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da limamai za su iya tara mutane cikin yini ɗaya idan an nemi haɗin kansu.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunmu. Kuɗin da ake kashewa a ankon biki ɗaya ya isa ƙungiya ta sayi na'urar awo ta ajiye a masallaci ko a rumfar shugaban kasuwa, a koya wa matasa biyu aiki da ita. Yadda ake yi ba wuya. Mutum ya bar goro da shayi da taba na rabin sa'a. Ya kwanta ko ya zauna shiru minti 5, a auna, a rubuta lambobin biyu da bugun zuciya. Ya miƙe, a sake aunawa a minti 1 da minti 3. Idan a zaune yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, asibiti. Idan ya miƙe lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, asibiti, da takardar a hannu, da duk ƙwayoyin da yake sha a leda. Kada ya ƙara, kada ya rage, sai likita ya gani. Mai jiri ya riƙa tashi a hankali, ya zauna bakin gado kafin ya miƙe, ya sha ruwa sosai, mai azumi kuma ya nemi shawarar likita kan lokacin shan magani tun kafin wata ya kama. Wanda ya suma, ko ya ji ciwon ƙirji, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, wannan ba na jiran gobe ba ne. Inshorar lafiya ta ƙasa da ake kira CMU sefa 1,000 ce a wata, kuma ba 'yan ƙasa kaɗai ta shafa ba, har da baƙi mazauna. Tana da nata matsalolin, amma katin ya fi babu. Uwargida kuma ta rage dunƙule ɗaya daga tukunya, ta mayar da daddawa wurinta.

Idan wani ya sake turo maka muryar nan ta "jinin baƙar fata", kada ka tura gaba. Mayar masa da tambaya: kai nawa naka yake a zaune, nawa yake a tsaye? Idan bai sani ba, ku kama hanya tare ku je a auna ku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ba mu ikon kula da amanar jikin da Ya ba mu.